Kafin a raba motocin lantarki, a duba waya da batir da bakanike

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon a ba mu fili mu tofa albarkacin bakinmu a kan motoci da kekunan adaidaita sahu masu aiki da lantarki. Mu masu sana'ar haɗa wutar gida da sola ne, a cikinmu kuma akwai masu wayarin ɗin mota. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da ₦200 har ta haura ₦1,000 a ƙarshen 2024, hankalin jama'a ya karkata ga duk abin hawan da ba ya shan mai. Gwamnatin tarayya ta cire harajin VAT a kan motocin lantarki a 2024, gwamnatin Borno ta ƙaddamar da motocin haya masu lantarki a Maiduguri a Disambar 2023, kuma a garin ne Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da ƙananan bas su koma aiki da batir. Muna murna da wannan ƙwarai, muna kuma son ya ɗore. Abin da ke damunmu shi ne ana ta maganar sayo motocin, ba a maganar inda za su sha wuta, da wanda zai gyara su, da yadda batirinsu zai jure zafin watan Afrilu.

A fara da lissafin ɗan sahu, domin shi ne ya fi kowa buƙatar sauƙi. A ɗauka yana yin kilomita 120 a rana. Keken fetur mai lafiya zai sha lita 4 zuwa 5, wato ₦3,600 zuwa ₦4,500 idan lita tana ₦900. Keken lantarki ɗauke da fasinja yana cin yunit 8 zuwa 10 a kowace kilomita 100, irin yunit ɗin da ake saya a mita. Idan aka haɗa da abin da ke zubewa a matsayin zafi lokacin caji, wanda yakan kai kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, zai buƙaci yunit 11 zuwa 14 a rana. A layin Band A, rukunin da ya fi samun wuta, inda hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta kai farashin yunit sama da ₦200 tun Afrilun 2024, kuɗin ya kama ₦2,300 zuwa ₦2,900. Ga kuma kuɗin baƙin mai da fulogi da kuloci da aka huta da su. Riba tana nan, amma ba ta kai yadda masu talla ke kururutawa ba. A Band D da Band E yunit yana da araha sosai, sai dai alƙawarin wutar awa 8 ne da awa 4 a rana, kuma ba lallai ta zo da dare lokacin da keken yake ajiye ba.

To idan babu wuta fa? Abin da zai fara zuwa ran mutum shi ne ya tayar da janareta, kuma a nan lissafin yake kifewa. Ƙaramin janaretan fetur yana fitar da yunit ɗaya da rabi zuwa biyu ne daga kowace lita. Cika batirin da ke buƙatar yunit 13 zai cinye lita 7 zuwa 8, alhali keken fetur lita 5 zai sha a wannan tafiyar. Babban janaretan dizal ya ɗan fi, yana ba da kusan yunit 3 a lita, amma dizal ya fi fetur tsada. Duk wanda zai dogara da janareta wajen caji, gara ya zauna da keken fetur ɗinsa.

Wutar ƙasar baki ɗaya tana yawo ne tsakanin megawat 4,000 da 5,000, ga mutane sama da miliyan 200. Abin da ke isowa Kano da Katsina da Jigawa a haɗe 'yan ɗaruruwan megawat ne. Keke 10,000 da aka jona a lokaci guda, kowanne da caja mai kilowat ɗaya da rabi, megawat 15 ke nan. Ana iya ɗaukar wannan idan an tsara. Amma mota 100,000 masu caja mai kilowat 7 za su ja megawat 700, kuma duk bayan magariba za a jona su, daidai lokacin da layi ya fi nauyi. Ba mu manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ke biyowa ta Benuwai shi ma ya samu matsala, yawancin jihohin Arewa suka fi mako cikin duhu. Maiduguri ta shafe watanni masu yawa ba wutar gwamnati bayan an fasa turakun layin Damaturu a Janairun 2021. 'Yan'uwanmu na Nijar, waɗanda a lokacin mafi yawan wutarsu daga Najeriya take zuwa, sun ga yadda aka katse ta a Agustan 2023. Da sufurin waɗannan garuruwa ya dogara kacokan a kan wannan layi, da mara lafiya bai samu abin da zai kai shi asibiti ba.

Matsalar da ta fi kusa da mai mota tana cikin bangon gidansa. Soket ɗin gida na amfiya 13 ne, amma ba a yi shi don ya ja wannan nauyi awa goma ba hutawa ba. Iyakar abin da za a ja cikin aminci na dogon lokaci amfiya 10 ne, wato kusan kilowat 2.3. Motar da batirinta yake ɗaukar yunit 60 za ta fi awa 26 kafin ta cika a haka. Wanda yake son ta cika a dare ɗaya sai ya sa cajar bango mai kilowat 7.4, wadda ke jan amfiya 32. Wannan tana buƙatar layinta na kanta tun daga allon rarraba wuta, da wayar jan ƙarfe mai kaurin 6mm, ko 10mm idan nisan ya yi yawa, da bireka mai amfiya 40, da na'urar da ke katse wuta nan take idan ta fara zurarewa, irin wadda ke gane zurarar wutar batir. Gidajenmu da yawa an ja musu waya mai 2.5mm ko ƙasa da haka, wata ma alminiyam ce aka yi wa rufin jan ƙarfe, sai an kankare ta da wuƙa ake ganin farin ƙarfen da ke ciki. Irin wannan waya tana yin zafi a mahaɗa, robar ta yi laushi, bakin soket ɗin ya yi baƙi, a fara jin ƙauri. Daga nan sai gobara. Kada kuma a kuskura a ƙara tsawon wayar caja da ekstenshan na kasuwa.

Sai wayar ƙasa, mai kai wutar da ta zurare cikin ƙasa, wadda mafi yawan masu gini ke ganin ɓarnar kuɗi ce. Cajar kirki tana gwada ta kafin ta saki wuta, idan ba ta same ta ba sai ta ƙi aiki. Akwai masu yi wa cajar dabara su haɗa wayar ƙasa da nutural domin ta yarda. Wannan ganganci ne babba, domin ranar da nutural ta tsinke a kan fol, jikin motar gaba ɗaya zai ɗauki wuta, kuma yaro ne zai fara taɓa shi. Abin da ya dace shi ne a kafa sandar jan ƙarfe, a auna ta da na'ura, a sake aunawa a tsakiyar rani, saboda busasshen yashi irin namu ba ya karɓar wuta kamar ƙasa mai danshi. Wani wurin sai an kafa sanda biyu ko uku an haɗa su.

Ko wayar gida ta yi kyau, ƙarfin wutar da ke shigowa wani abu ne daban. Folt 230 ya kamata a samu, amma a unguwanni da yawa da daddare tana sauka 170 ko ƙasa. Caja takan yanke idan wuta ta yi rauni haka, ta sake kamawa, ta sake yankewa, kuma wannan kai-komo yana cinye na'urar da ke buɗewa da rufewa a cikinta. Ranar da aka dawo da wuta da ƙarfi fiye da kima kuwa, cajar da ke cikin motar ce ke ƙonewa, ita kuma ba a samun ta a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka. Sitabilaizar firij ba za ta ɗauki wannan nauyi ba, sai babba mai kVA 10 zuwa sama, tare da na'urar tare wutar da ta yi tsalle.

Taransifomar unguwa ita ma a duba ta. Yawancinsu masu kVA 300 ne ko 500, kuma tuni sun cika maƙil. Mota goma kacal masu cajar kilowat 7.4 za su ƙara kilowat 74, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin taransifoma mai kVA 300. Idan aka yi rashin sa'a yawancinsu suka faɗa a kan layi guda cikin layuka uku da ke fita daga taransifomar, wannan layin zai yi zafi, fiyus ya riƙa tsinkewa, wani ya ɗaura waya mai kauri a madadinsa, ƙarshe taransifomar ta buga. Kowa ya san abin da ke biyo baya: karo-karo gida-gida, da watanni cikin duhu. Talakan da ko keke ba shi da shi zai biya kuɗin ɓarnar da cajin motar maƙwabcinsa ya jawo. Don haka muke ganin wajibi ne duk mai son sa cajar bango ya sanar da kamfanin rarraba wuta, hukumar NEMSA mai duba ingancin aikin wuta ta duba aikin, kuma a yi farashi mai rahusa daga tsakar dare zuwa asuba domin a janye masu caji daga lokacin cunkoso. Caja mai sauri ta kilowat 60 ko 120 kuwa, dole ta samu taransifomarta ita kaɗai.

Yanzu batir, wanda shi ne kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin abin hawan, wani lokaci ma fiye. A nan za mu daɗe, saboda a nan ne aka fi cutar mutane.

Batir iri uku ne ke yawo a kasuwa. Akwai na dalma, irin na inbata, wanda ake sa wa kekuna masu araha. Yana ɗaukar caji 300 zuwa 500 ne kafin ya mutu, kuma rabin abin da ke cikinsa kawai ya kamata a riƙa amfani da shi. Duk ƙarin digiri 10 a kan digiri 25 yana rage masa kusan rabin rayuwa. Ɗan sahun da ke caji kullum a Sakkwato ko Nguru da wuya wannan batir ya kai masa shekara. Akwai litiyam nau'in NMC, mara nauyi, mai nisan zango, amma ba ya son zafi kuma ya fi saurin kamawa da wuta. Sai litiyam nau'in LFP, wanda ya ɗan fi nauyi, amma yana kai caji 2,000 zuwa 3,000 ko fiye, yana jure zafi, kuma ba ya saurin kamawa da wuta. A yanayinmu LFP ne ya dace, kuma da mu ne ke rubuta takardar kwangilar sayo wa gwamnati kekuna, da wannan ne sharaɗin farko.

Batirin litiyam ya fi jin daɗi tsakanin digiri 15 da 35. A watannin Maris zuwa Mayu, Sakkwato da Maiduguri da Yamai suna haura digiri 40 a inuwa, kwalta kuma ta fi haka nesa, ga batirin yana ƙarƙashin mota dab da ita. Motocin da ke da ruwan sanyaya batir suna jurewa. Waɗanda ba su da shi suna tsufa da wuri. An ga haka ƙarara a jihar Arizona ta Amurka a 2012, inda masu Nissan Leaf na farko suka koka cewa batirinsu ya rage ƙarfi sosai cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Irin waɗannan tsofaffin motoci ne za su fi sauƙin shigowa nan a matsayin na hannu, domin su ne masu araha a can. Duk mai sayen motar lantarki ta hannu kada ya tsaya a fenti da kilomitar da ke allo. A jona mata na'urar bincike a karanta lafiyar batirin, a ga kashi nawa ya rage daga ƙarfinsa na asali, a kuma duba bambancin folt tsakanin ƙwayoyinsa, wato ƙananan baturan da aka harhaɗa a cikinsa. Idan lafiyar ta gaza kashi 75 zuwa 80, ko wata ƙwaya ta yi ƙasa da 'yan'uwanta sosai, kuɗin canjin batir yana nan tafe, kuma zai iya kusantar kuɗin motar.

Kula da batir ba wuya, sai dai ba a faɗa wa masu saye. Kada a jona caji da saukowa daga aiki batir yana da zafi, a bari ya huce na rabin awa. A yi caji a inuwa. Kada a bar shi ya mutu murus, kada kuma a cika NMC ɗari bisa ɗari a ajiye a rana. Tsakanin kashi 20 da 80 ya fi masa. Shi LFP yana son a cika shi sarai aƙalla sau ɗaya a mako, domin allon da ke kula da ƙwayoyinsa ya daidaita su ya kuma gyara lissafinsa. Wannan allo, wanda ake kira BMS, shi ne ke yanke wuta idan caji ya wuce kima ko zafi ya yi yawa. Idan ya lalace keke yakan tsaya cak, sai wani mai gyara ya tsallake shi da waya, keken ya tashi, mai shi ya yi ta godiya. Daga wannan rana babu abin da zai hana wata ƙwaya cika fiye da kima ta kumbura ta fashe.

Algus ya riga ya shigo. Ana kwance tsofaffin batura a ƙasashen waje, a sake naɗe ƙwayoyin da sabuwar leda, a rubuta ƙarfin da ba su da shi. Batirin da aka rubuta folt 60 da Ah 100 yunit 6 ya kamata ya ɗauka, kuma idan LFP ne na gaskiya bai kamata ya gaza kilo 40 a sikeli ba. Wanda mutum ɗaya zai ɗaga da hannu guda, ƙarya ce rubutun jikinsa. Gwajin da ba ya kuskure shi ne a cika shi, a sauke shi ta na'urar da ke ƙirga abin da ya fita, a kwatanta da rubutun. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ya kamata ta riƙa yin wannan gwaji a tashar jiragen ruwa, ta kuma tilasta garanti a rubuce wanda ya faɗi shekaru da adadin caji, da sunan wanda za a kama a cikin ƙasar nan idan batirin ya gaza.

Gobarar litiyam daban take da wadda muka sani. Idan ƙwaya ɗaya ta kama, zafinta ne ke kunna ta kusa da ita, haka har su ƙare, da hayaƙi mai guba. Tukunyar kashe gobara ta hoda tana kashe harshen wutar na ɗan lokaci ne kawai. Abin da ke aiki shi ne ruwa mai yawan gaske domin a sanyaya batirin, kuma yana iya sake tashi bayan awanni ko kwana. A birnin Nanjing na ƙasar Sin, a Fabrairun 2024, gobarar da ta tashi daga inda ake ajiye baburan lantarki a ƙasan wani bene ta kashe mutum 15. Mu a nan zaure ne wurin ajiye babur, kuma zauren shi ne ƙofa ɗaya tilo ta fita daga gidan. Muna roƙon jama'a, don Allah kada a yi cajin batirin keke ko babur a zaure, ko a ɗakin kwana, ko a shagon kasuwa a kulle a tafi gida. 'Yan kwana-kwana kuma suna buƙatar horo na musamman tun kafin irin wannan gobara ta fara. Ruwa ma abin tsoro ne. Batirin da ya nutse a ambaliya, irin ta Maiduguri a Satumbar 2024, yana iya kamawa da wuta kwanaki bayan ruwan ya janye. A fitar da shi fili nesa da gini, kada a kunna, kada a jona caji sai masani ya buɗe ya duba.

Bakanike fa? Motar lantarki ba ta da fistin, ba ta da kafireto, ba ta da salansa, gyaranta kaɗan ne. Amma batirinta yana da folt 400, wasu ma 800, kuma taɓawa ɗaya ta isa kisa. Duk wayar da aka ga ruwan lemo ce, ta babbar wuta ce. Kafin a sa hannu sai an kashe motar, an cire kan ƙaramin batir mai folt 12, an sa safar hannu ta roba mai jure folt 1,000, an zare makullin da ke raba babban batirin, an jira minti 5 zuwa 10 domin wutar da ta taru a inbata ta sauka, sannan a auna da mita a tabbatar babu komai. Yaron gareji da ya saba gwada wuta da goga waya a jikin ƙarfe, idan ba a koya masa wannan ba, rayuwarsa ce a kan layi. Na keke folt 48 zuwa 72 ne, bai kai wancan haɗari ba, amma sifana ɗaya da ta faɗa tsakanin kawunan batirin za ta narke ta watsa wa mutum wuta a fuska. Haka kuma ba a jan motar lantarki da igiya tayoyinta suna juyawa a ƙasa, domin injin lantarkin da ke juya tayoyin yakan koma janareta ya ƙona inbata. A bayan babbar mota ake ɗora ta. Kwalejojin fasaha da hukumar horar da ma'aikata ta ITF da ƙungiyar makanikai ta NATA su ne ya kamata su fara wannan horo yanzu, da Hausa, a cikin gareji. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kayan gyara su ma haka. Abubuwan da suka fi mutuwa a keken lantarki sanannu ne: kwantirola, da ƙananan na'urorin da ke gane juyawar injin, da totur, da na'urar da ke sauke wuta zuwa folt 12, da cajar kanta. Lodi fiye da kima a kan hawa da rana tsaka shi ne ke ƙona kwantirola. Ƙurar hunturu tana toshe fankar caja har ta yi zafi ta mutu, sai an riƙa hure ta da iska. Ruwan wanki da ake fesawa da ƙarfi yana shiga mahaɗar wayoyi. Ramuka da tudun rage gudu suna bugun kwandon batirin mota daga ƙasa, kuma nauyinta yana cin taya da shokoba. Idan kowane ɗan kasuwa ya shigo da nasa samfurin kwantena ɗaya ya juya baya, keken da kayan ₦20,000 ya kashe zai kwanta wata uku, mai shi yana biyan bashi. Bai kamata a ba kowa izinin shigo da su da yawa ba sai ya nuna rumbun kayan gyara da masu gyara da ya horar.

Bakin caja ma bai zama ɗaya ba. Motocin Sin suna zuwa da GB/T, na Turai da CCS2, na Amurka da CCS1 ko na Tesla, tsofaffin na Japan da CHAdeMO. Mutum zai iya isa wurin caji da batir saura kaɗan ya tarar bakin bai shiga motarsa ba. Hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci, wadda ta kafa tashar caji ta sola a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato a 2021, ita da SON su tsayar da baki ɗaya ko biyu tun motocin ba su yi yawa ba. Doguwar tafiya kuwa da sauranta. Kano zuwa Abuja ta fi kilomita 400, Kano zuwa Maiduguri kusan 600. Motar da aka rubuta mata kilomita 400, idan tana gudun 110 da na'urar sanyaya ɗaki a kunne da kaya a but, a sa ran 280 zuwa 300. Sai an samu caja mai sauri mai aiki a duk kilomita 100 zuwa 150, a wurin da mutum zai iya tsayuwar minti 40 hankalinsa kwance, kuma mun san halin da wasu hanyoyinmu suke ciki.

Ana yawan kawo misalin Norway, inda kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka sayar a 2024 na lantarki ne, da Habasha, wadda ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da dizal a farkon 2024. Dukkansu biyu wutarsu daga madatsun ruwa take, mai yawa kuma mai araha. Misalin da ya fi kama da halinmu shi ne na Indiya da Ruwanda da Kenya, inda aka fara da masu ƙafa uku da babura, ta hanyar musayar batir.

Wannan ita ce shawararmu. A fara da adaidaita sahu da bas na cikin gari, da 'yan acaɓa a garuruwan da ba a hana su ba, domin tafiyarsu gajera ce, tasharsu sananniya ce, kuma su ne ke ƙona mai kullum. Arewa tana da rana, kilowat ɗaya na allon sola yana ba da yunit 4 zuwa 5 a yini. Sai dai lokacin da rana take bugawa shi ne lokacin da ɗan sahu yake neman kuɗi, ba zai ajiye keke awa huɗu ba. Allon da ake ɗorawa a rufin keke kuwa, mai wat 300 zuwa 400, abin da zai tara a yini bai wuce na kilomita 12 zuwa 25 ba. Musayar batir ce ke warware wannan. Batirin yana zuwa ne a rarrabe kashi-kashi, kowanne kilo 10 zuwa 15, direba ya shigo tasha ya ajiye waɗanda suka yi ƙasa, ya ɗauki cikakku cikin minti 5, ya biya kuɗin yunit ɗin da ya sha. Tashar da za ta riƙe keke 30 tana buƙatar kusan yunit 390 a rana, wato allunan sola na kilowat 85 zuwa 90, kimanin allo 160 masu wat 550, a kan fili ko rufi mai murabba'in mita 600 zuwa 700. Rufin tashar mota ko na kasuwa zai ɗauka. Ana buƙatar rarar batura kusan rabin adadin waɗanda ke kan hanya, da ɗakin caji mai iska wanda aka raba shi da bango, da ruwan wanke allunan sau ɗaya ko biyu a mako lokacin hunturu, da layin Nepa na ko-ta-kwana saboda hadarin Agusta da hazon Janairu.

Amfanin wannan tsari ya wuce saurin caji. Direba zai sayi keke ba tare da batir ba, farashin ya sauko da kusan kashi ɗaya cikin uku, abin da ke da muhimmanci a ƙasar da ruwan bashin banki ya kusa kashi 30 cikin ɗari, kuma mai keke yana jiran balas kowace yamma. Batirin yana hannun waɗanda suka san shi, ana cajinsa a hankali a inuwa, ana gane mai ciwo a ware shi kafin ya yi ɓarna, ba ya kwana a zauren kowa. Idan ƙarfinsa ya sauka zuwa kashi 70, ya gama aikin hanya amma zai yi shekaru yana riƙe wutar sola a shago ko asibitin ƙauye. Idan ya mutu gaba ɗaya akwai wanda za a tambaya inda ya kai shi, maimakon ya faɗa hannun masu fasa batir da guduma a bayan gari. Jihar Zamfara ta rasa yara sama da 400 sanadiyyar gubar dalma a 2010, kuma dalmar da ke cikin batir ita ce dai wannan gubar. Sharaɗi guda shi ne gwamnati ta sa kamfanoni su yarda da girman batir da bakinsa iri ɗaya, in ba haka ba kowane direba zai zama ɗaurarre a tashar kamfani guda, su sa masa farashin da suka ga dama.

Wani ƙaramin abu da ake mantawa: waɗannan ababen hawa ba su da ƙara. A lungunan da yara ke wasa da inda makafi ke tsallaka titi da kunne, wannan haɗari ne. Tarayyar Turai ta wajabta sa musu na'urar da ke yin sauti idan suna tafiya a hankali, mu ma a sa wannan cikin sharaɗin rajista.

Malam Edita, muna roƙon jaridarku ta tura wakilai garuruwan da aka riga aka raba irin waɗannan motoci da kekuna. Su ƙirga nawa aka ƙaddamar da nawa ke kan hanya yau, su tambayi direbobi kilomita nawa caji ɗaya yake kai su yanzu da nawa yake kaiwa da farko, a ina suke caji, da wace wuta, kuma waɗanda suka kwanta wane kaya ne ya kwantar da su. A buga amsoshin da alƙaluma, domin jihohin da ke shirin sayowa su gani kafin su sa hannu a kwangila.

Wassalam.

Daga wasu masu aikin wutar lantarki, sola da wayarin ɗin mota,
Kano.